Taimako Daga Nesa

Mai karatu, in ka taɓa zama a ƙauye ka san yadda masu agaji sukan zo. Tun daga nesa za ka hangi ƙurar farar mota. Ta tsaya a gindin itace kusa da ƙofar dagaci, a fito da tebur da babban littafi, malami ya zauna ya zare biro, jama'a su yi layi. Ya tambayi sunanka da yawan iyalinka, ya dube ka ido da ido, sa'an nan ya rubuta. Bayan 'yan makonni wata mota ta kawo buhunan hatsi, ko magani, ko barguna. Shekara da shekaru haka aikin yake tafiya, a Afirka da Asiya da sauran wurare. Ƙafar ma'aikaci ita ce jarin ƙungiya.

Ran 11 ga Maris 1920 babu wanda zai yi mafarkin wata hanya dabam. Amma ran 11 ga Maris 2020, shekara ɗari daidai bayan haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa cutar korona ta zama annoba a duniya duka. Cikin 'yan makonni aka rufe iyakoki, jiragen sama suka tsaya, aka ce kowa ya zauna gida. A Nijeriya aka kulle Legas da Abuja ran 30 ga Maris, Ogun da Kano suka biyo baya a watan Afrilu. Ƙungiyoyin da suke aiki ba domin riba ba suka sami kansu a tsaka mai wuya. Mabukata sun ƙaru, gama mai tuyar ƙosai da ɗan acaba da lebura duk sun rasa abin yi, ga shi kuwa an hana zuwa wurinsu. Ofis a kulle, mota a ajiye.

In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Ma'aikata suka kwashi kwamfutocinsu suka koma gida. Taron da ake yi a zaure ya koma taro ta waya. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taro ta hanyarsa a rana ɗaya ba su wuce miliyan 10 ba a Disamba 2019, amma a Afrilu 2020 sun kai miliyan 300. Taro kam ba shi da wuya. Babbar tambaya ita ce: yaya za ka kai taimako hannun mutumin da ba ka iya zuwa wurinsa, ba ka kuwa taɓa ganinsa ba? Bari mu duba abin da ya faru a wurare kaɗan, gama akwai abin koyo a ciki, har ga ƙananan ƙungiyoyinmu na gida.

Kuɗi ta waya a Togo

A watan Afrilu 2020 gwamnatin Togo ta buɗe wani shiri mai suna Novissi, watau zumunci da harshen Ewe. Mai bukata ba ya zuwa ofis. Sai ya danna wata gajeriyar lamba a wayarsa, ko da ƙaramar waya ce wadda ba ta shiga intanet, ya sa lambar katinsa na zaɓe, ya amsa 'yan tambayoyi. In ya cancanta, kuɗi su faɗo cikin wayarsa nan take. An yi amfani da katin zaɓe domin ƙasar ta yi zaɓe a watan Fabrairu na shekarar, saboda haka sunayen sababbi ne, kuma an rubuta sana'ar kowa da unguwarsa. Mata kuwa an ba su fiye da maza, gama su ne suke riƙe da tukunya.

Da farko shirin ya tsaya a birane, musamman Lome. Da aka so a kai shi ƙauyuka, sai gwamnati ta haɗa kai da wata ƙungiya mai suna GiveDirectly. Wasu ɗaliban jami'a a Amurka ne suka kafa ta, ta kuwa fara aiki a Kenya, inda aka saba aika kuɗi ta M-Pesa tun 2007. Ra'ayinta shi ne a ba matalauci kuɗi a hannu, shi ya san abin da ya fi damunsa. A dā ma'aikatanta sukan bi gida gida su rubuta sunaye. Yanzu ba dama. To, yaya za a san wane ne matalauci?

Masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka kawo dabara mai hawa biyu. Da fari suka koya wa kwamfuta ta duba hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauka daga sama, ta lura da irin rufin ɗakuna da hanyoyi da girman gonaki, ta nuna gundumomin da suka fi talauci. Aka zaɓi gundumomi 100. Na biyu, aka buga wa dubban mutane waya aka tambaye su abin da suke ci da abin da suka mallaka, sa'an nan aka gwada amsoshinsu da yadda suke amfani da waya. Ashe wayar talaka tana da kama. Katinsa ɗan kaɗan ne, kiransa gajere ne, ba safai yakan kira ƙasar waje ba. Da kwamfuta ta gane wannan, sai ta shiga tantance sauran masu waya a gundumomin nan. Daga Nuwamba 2020 aka fara biya. In an haɗa dukan matakan shirin Novissi, mutane fiye da 900,000 suka sami taimako.

Wannan abin yabo ne. Amma masanan nan ba su ɓoye gaskiya ba. A 2022 suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Nature. Suka nuna cewa dabarar waya ta fi a zaɓi yanki kawai a raba wa kowa: ta rage yawan matalautan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari. Amma in da akwai cikakken littafin sunaye irin wanda ake samu ta bin gida gida, to, shi ya fi, gama dabarar waya ta fi shi tsallake matalauta da kashi 9 zuwa 35 cikin ɗari. Watau ranar da ƙafa ta kasa, waya ta ceci aiki, amma ba ta kai ƙafa ba.

Wanda ba shi da waya fa?

Akwai kuma wanda kwamfuta ba ta iya ganinsa sam, shi ne wanda ba shi da waya. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutane wajen biliyan 2.6 ba sa shiga intanet, kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ke nan. A Afirka kuwa masu shiga ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba a shekarar. Ka tambayi kanka su wane ne waɗannan. Tsohuwa ce da idonta ya yi rauni, gwauruwa ce da wayar gidan ta tafi tare da ɗanta birni, makiyayi ne a dajin da babu sabis, yarinya ce da ba ta iya karatu ba. Su ne aka kafa ƙungiyoyin agaji dominsu tun farko.

Ni kaina na ga wannan a makarantarmu. Da aka rufe makarantu a 2020, muka shirya mu riƙa aika wa yara aikin gida ta WhatsApp. Muka yi murna da dabararmu. Da aka dawo aji sai muka tarar yaran da suka yi aikin su ne waɗanda dama suke gaba, 'ya'yan masu albashi. Waɗanda muka fi jin tsoro dominsu ko labarin aikin ba su ji ba. Ba mu yi nufin mu ware kowa ba, amma hanyar da muka bi ta ware su.

Ɓera a cikin rumbu

Aika kuɗi ta waya yana kawar da ɓarayi da yawa. Babu buhun da zai ɓace a hanya, babu mai rage mudu. Amma ɓarawo ma yana koyon sabon zamani. A 2023 ƙungiyar GiveDirectly da bakinta ta faɗa wa duniya cewa an sace wajen dala 900,000 daga aikinta a lardin Kivu ta Kudu, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Waɗansu ma'aikatanta ne suka haɗa baki da wasu na waje.

Ga yadda abin ya faru. A ƙa'idar ƙungiyar, mai karɓar taimako shi yakan je da kansa ya yi rajistar layin wayarsa a wurin wakilin kamfani, wanda ba ma'aikacin ƙungiya ba ne. Amma a wannan yanki wakilan suna da nisa, hanya kuma ba lafiya. Domin a sauƙaƙa wa mutane, sai aka yarda ma'aikata su yi musu rajistar. Nan aka buɗe ƙofa. Suka yi rajista da sunan talakawa, suka riƙe layukan a aljihunsu, suka ba mutanen wasu dabam. A kwamfutar ofis komai daidai: an aika, an karɓa. A ƙauye kuwa iyalai suna jira.

Ƙungiyar ta dakatar da aikin, ta kori masu hannu a ciki, ta bayyana kuskurenta a fili, abin da ba kowace ƙungiya takan yi ba. Darasin a bayyane yake. Allon kwamfuta yana nuna abin da aka rubuta masa ne kawai. Gani ya kori ji, har yanzu.

Sunaye 515,000

Labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Kwamitin Red Cross na Duniya, mai mazauni a Jeniba ta ƙasar Suwizalan. Ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukansa shi ne neman waɗanda yaƙi ya raba da danginsu. A 1914, da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya buɗe ofishin neman fursunonin yaƙi. Masu aikin sa kai suka cika miliyoyin katuna da hannu, kowane kati da sunan ɗan wani ko mijin wata. Katunan suna nan ajiye har yau. Da zamani ya juya, sunayen suka koma cikin kwamfuta, har ma'aikaci a wata ƙasa yana iya duba abin da ɗan'uwansa ya rubuta a wata nahiya cikin ƙiftawar ido. Tun 2013 ma akwai shirin da ake kira Trace the Face, inda mai neman nasa yakan sa hotonsa a intanet ko a dace wani ya gane shi.

Wannan aiki ya shafe mu. A 2019 Kwamitin ya ce 'yan Nijeriya wajen 22,000 ne aka rubuta masa sun ɓace saboda rikicin arewa maso gabas, adadin da ya fi na kowace ƙasa a littafinsa a lokacin, fiye da rabinsu kuwa yara ne sa'ad da suka ɓace.

A watan Janairu 2022 Kwamitin ya yi sanarwa mai ban tsoro. Wasu masu kutse sun shiga manyan kwamfutocin da ake ajiyar sunayen, sun kai ga bayanan mutane fiye da 515,000, waɗanda aka tattara daga ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent na ƙasashe akalla 60. A ciki akwai sunayen ɓatattu da na danginsu, da na fursunoni, da na 'yan gudun hijira, da inda suke zaune. Ka yi tunani: mutum ya gudu daga masu neman ransa, ya ba da sunansa da inda ya ɓuya domin a nemo masa matarsa, yanzu kuwa ba a san hannun da takardar ta faɗa ba.

Bincike ya nuna masu kutsen sun shiga tun Nuwamba 2021, sun yi wajen kwana 70 a ciki kafin a farga. Ta ina suka bi? Wata manhaja ce take da ɓaraka. Masu ita sun riga sun fitar da faci, amma ba a liƙa shi da wuri ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yakan sami wurin shiga. Dole aka kashe kwamfutocin, aikin da Kwamitin ya ce yakan sada mutum 12 da danginsu kowace rana ya koma tafiyar hawainiya, har aka gyara. Babban daraktansa na lokacin, Robert Mardini, ya fito ya roƙi masu kutsen kada su sayar da sunayen ko su watsa su. A ƙarshen shekarar Kwamitin ya kawo shawara a ƙirƙiro wata alama ta cikin kwamfuta, mai kama da jar alamar da ake zanawa a rufin asibiti lokacin yaƙi, domin a san inda bai kamata a taɓa ba.

Katin takarda sai ɓarawo ya fasa ƙofa, kuma ba zai iya ɗaukar rabin miliyan a kansa ba. Abin da ya sa aikin ya yi sauri, shi ne kuma ya sa satar ta yi sauƙi.

Inda aka haɗa biyun

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a jefar da waya a koma littafi. Dubi yaƙin da aka yi da cutar shan inna a arewacin Nijeriya. A dā masu allurar rigakafi sukan bi taswirar da aka zana da hannu, sau da yawa kuwa akan manta da wata ruga ko wani ƙaramin ƙauye, cutar ta ɓuya a can. Daga baya aka zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan Adam, aka ba masu rigakafin wayoyi masu nuna inda suka taka. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda take da babban ofis a Kano, tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki. Da yamma a duba a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake, kashegari a koma.

Amma taswira ba ta buɗe ƙofar gida. Kowa ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003 saboda jita-jita da rashin yarda. Abin da ya komo da zukatan iyaye shi ne bakin sarakuna da malamai da masu unguwa, da matan da suka bi gida gida suna sallama, suna zama a tabarma suna bayani. Na'ura ta nuna inda yaro yake, mutum ya shawo kan uwarsa. Ran 25 ga Agusta 2020 aka yi shela cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, ko da yake ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'in da ya saura.

Ma'aikaci a ɗakinsa

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya, amma ƙungiyoyi da yawa ba su koma yadda suke dā ba. Sun ga an rage kuɗin haya da na jirgi da na masauki. Da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025, kuɗi suka ƙara ƙaranci, dole kowa ya ƙara tsuke aljihu. Akwai alheri a ciki. Mai jego tana iya riƙe aikinta, gurgu ba ya fama da matakala, ɗan Afirka mai ilimi yana iya yi wa babbar ƙungiya aiki ba tare da ya bar garinsu ba.

Akwai kuma nauyi. Wutar lantarki da kuɗin data sun koma wuyan ma'aikaci. Aiki ba ya tashi, gama ofis yana cikin aljihu, saƙo yana shigowa ana cin tuwon dare. Yara suna ganin mahaifinsu a gida, amma ba su same shi ba. Sabon ma'aikaci kuma ba shi da dattijon da zai zauna kusa da shi ya koyi hali da dabara.

Kada kuma mu manta da waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa daga nesa. Ba a karɓar haihuwa ta waya. Tun kafin korona, a wuraren yaƙi irin su Somaliya da Siriya, manyan jami'ai sukan janye zuwa inda yake lafiya su riƙa ba da umarni daga can, 'yan ƙasa su tsaya a bakin wuta. A Maris 2018 aka kai hari garin Rann a Jihar Borno, aka sace ungozomomi biyu masu aiki da Kwamitin Red Cross, aka kashe su kafin shekarar ta ƙare. Ƙungiyar da ta ce tana aiki daga nesa, ta tuna akwai wanda yake kusa a madadinta, ta ba shi kariya da albashi da murya daidai da haɗarin da yake ɗauka.

Mu fa?

Wataƙila mai karatu ya ce wannan zancen manya ne. To, dubi ƙungiyar matan unguwarku, da ta tsofaffin ɗalibai, da ta ci gaban garinku, da adashin da kuke yi. Yawancinsu yanzu a waya suke taro, ta waya suke tara gudummawa. Abin da ya sami manya yana iya samunmu. Ga shawarwari kaɗan.

Na ɗaya, kada kuɗin ƙungiya su zauna a asusun mutum ɗaya, kome amincinsa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su sa hannu. Wannan kariya ce ga ma'aji kansa.

Na biyu, in an ce an aika wa gwauruwa taimako, wani dabam ya taka ya je ya tambaye ta nawa ta gani. Hoton rasit a waya bai isa ba.

Na uku, sunayen marayu da marasa lafiya da hotunansu amana ce. Kada a watsa su a dandalin da mutum ɗari suke ciki. Abin da ya shiga waya ba ya komowa.

Na huɗu, a sa wa waya makulli, kada a faɗa wa kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki yake kira. In waya ta nemi a sabunta manhajarta, a yi. In sakatare ya sauka, a sake kalmar sirri.

Na biyar, a rubuta sunayen 'yan ƙungiya marasa waya, a naɗa wanda zai riƙa kai musu labari da baki. Kada a yanke babbar shawara sai an ji nasu.

Na shida, kome daɗin taro ta waya, a riƙa haɗuwa ido da ido lokaci lokaci, a karanta lissafi da ƙarfi kowa ya ji, a ci abinci tare.

Waya baiwa ce, ta kai taimako inda mota ba ta iya zuwa, ta kuma ceci rayuka a shekarar da aka kulle duniya. Mu karɓe ta da hannu biyu, mu koya wa 'ya'yanmu amfani da ita. Amma a makon nan, mai karatu, ka duba jerin sunayen ƙungiyarku, ka nemo mutum ɗaya da aka daɗe ba a ji muryarsa a waya ba. Ka sa takalminka ka je ka gaishe shi. Iyayenmu sun riga sun faɗa: zumunta a ƙafa take.